Ba Lantarki Ya Kashe Innata Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hajo, kuma har yau a unguwarmu a Wurno in aka ambaci sunanta sai wani ya ƙara da cewa, "wadda aka jona wa wuta a asibiti." Na gaji da yin shiru a kan wannan ƙaryar.

Inna sana'arta turara shinkafa. Tun ina goye take durƙushe gaban tukunya, hayaƙin kara da itace na shiga ƙirjinta. Da girma ya zo, tari ya kama ta, numfashi ya riƙa yi mata gardama, har daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. A asibiti a Sakkwato likita ya ce hayaƙi ne ya toshe hanyoyin iskar huhunta, ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi. Ya ba ta abin shaƙa. Wata ma'aikaciya kuma ta gwada mata 'yar na'ura mai batir: a manna 'yan faci a bayanta, gefen ƙashin wuya, wuraren da Sinawa ke soka allura, sai lantarki kaɗan ya riƙa motsa wurin. Matar ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce wasu na samun sauƙin numfashi, wasu ba sa samu, kada a bar magani, kuma a raba Inna da hayaƙi.

Inna na cikin masu samu. Takan yi dariya ta ce kamar tururuwa ke yawo a bayanta. Muka sayo irin na'urar, na koyi manna mata. A watannin nan har Goronyo ta je suna, ta dawo tana ba mu labarin wanda ya yi rowar nama.

Sai sanyi ya shigo, Goggo Abu, yayar mahaifina, ta zo daga Gandi jinya. Ta ga ana buɗe bayan Inna ana manna faci, ta kama salati. A wurin Goggo, da ma duk dattawan gidanmu, ciwon ƙirji sanyi ne, maganin sanyi kuwa wuta. Ta cika kasko da garwashi, ta ɗora kara, ta kai ɗakin Inna, ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙofa.

Na ce, "Goggo, likita ya hana hayaƙi."

Ta ce, "Ke ɗiyar jiya, mi kika sani? Wagga cuta sanyi ta. Kuna tuɓe mata baya iska na shiga, kuma ki hana ta jin ɗumi?"

Na fitar da kaskon, aka mayar. Na kai ƙara wurin Baba, ya ce ba a musu da babba. Inna kuwa kunyar dangin miji ta hana ta musu, tana tari har hawaye na zuba tana yi wa Goggo sannu da aiki. Kafin sanyi ya wuce muka kwashe ta zuwa Sakkwato, ba ta dawo da ƙafarta ba.

Na yarda da ajali. Na kuma san Goggo ƙauna ce ta sa ta hura wutar nan. Abin da ke cin raina shi ne tun ranar zaman makoki aka yanke hukunci cewa lantarki ne ya tsotse mata jini, kuma ba wanda ya ambaci kasko. Da Inna za ta leƙo yau, ta ga matan da ta koya wa sana'a suna shaƙar hayaƙin nan, suna gudun asibiti da sunanta, na san bakinta: sai ta tambaye mu ko mun haukace.

Ta bar mana haƙuri da hannu mai kyauta, amma unguwa ta mayar da ita abin tsoratarwa. Kwanan baya na shiga gaida ƙawarta, Inna Kulu, na tarar tana irin tarin nan, ɗaki a rufe, kasko na ci a gefen gado. Na roƙe ta ta bari in kai ta Sakkwato. Ta kama hannuna, tana neman numfashi tsakanin kalma da kalma, ta ce, "Ɗiyata, so kike a kashe ni awa Innarku?"