Ajin Da Ban Rage Wa Yaya Habibu Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Habibu, malamin lissafi a wata firamare da ke Madabo. Ni ne hedimastan makarantar, a lokacin da kuma yanzu. A gida ina ce masa Yaya, a makaranta shi yake ce mini Hedimasta, kuma ba da wasa yake faɗa ba.

Aji uku yake ɗauka, kowanne cike har bakin ƙofa. Da ya ga muryarsa ba ta kai wa na baya, sai ya raba yaran rukuni-rukuni a kan tabarmi, ya ba su murafan kwalba su yi lissafi da su, shi kuma yana zagayawa yana durƙusawa wajen wanda ya kasa. Ajin yakan cika da surutu. Wani mai duba makarantu ya zo ya rubuta cewa ba ya iya tsawata wa yara. Na sa hannu a takardar.

Wata Talata bayan an tashi, ya shigo ofishina da littattafan yara a hammata, ya zauna, abin da bai saba yi ba.

"Hedimasta, ka rage mini aji ɗaya. Kaina yana sarawa, in ina duba aikin yara sai in ga rubutun bibbiyu."

Na ce, "Yaya, wa zan ba? Ka daure a gama zangon nan."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Bayan mako biyu ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo. Likita ya ce hawan jini ne. Kwana huɗu ya yi a asibiti, bai sake magana ba.

Na san kwanansa ne ya ƙare. Amma akwai malamai biyu da zan iya raba wa ajin. Tsoron kada a ce na fifita ɗan'uwana ne ya hana ni.

Bana aka kira mu bita, aka nuna mana sabuwar hanyar koyarwa: a raba yara rukuni, a ba su abin taɓawa, malami ya rage magana. Kowa ya tafa, ni na kasa. Da Yaya yana nan murmushi zai yi, sannan ya tambaya wa zai taya malami duba littattafai, ga kuma fom da ake sa shi cikewa a waya kullum. Ba wanda ya yi wannan tambayar.

Har yau in na bi ta gaban ajinsa na ji hayaniya, nakan rage tafiya, ina tsoron leƙawa.

Ba a sa sunansa a jikin ko bango ɗaya ba. Abin da ya saura shi ne, malamaina sun san ba sa roƙona sauƙi sau biyu. In babu wanda zan ba ajin, ni nake ɗaukar alli. Matarsa kuwa duk Juma'a in na je gaishe ta a Ƙofar Ruwa sai ta sa mini albarka, ta ce na riƙe yayana da amana. Ban taɓa iya gaya mata abin da ya roƙe ni na hana shi ba. Yau 'yarta za ta karanta mata wannan shafin. Allah ya jiƙanka, Yaya.