Tocilar Gwaggo da Idon Ɗana

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, na yafe na kuma manta. Amma abin da aka yi wa ɗana na fari tun kafin a raɗa masa suna, wannan kam yana raina har in koma ga Allah. Yaron ya girma, lafiyarsa ƙalau, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

A gidanmu na haihu, a wani ƙauye kusa da Kudan, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Mahaifiyata mace ce mai kawaici, ni ce kuma 'yarta ta fari, don haka ta ja gefe ta bar komai a hannun gwaggona, yayar mahaifina. Gwaggo ke yi min wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke faɗin abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Ɗakin da aka ajiye mu taga ɗaya gare shi, ita ma ta toshe ta da tsohon zane wai kada iska ta kama jariri. Da rana tsaka sai mutum ya laluba kafin ya ga ƙofa. Tana da wata sabuwar tocila mai caji da ta sayo a kasuwar Makarfi, mai haske kamar fitilar mota, kuma da ita take duba komai a ɗakin.

Wata safiya bayan wanka ta ɗora yaron a cinya ta kunna tocilar. Da yake hasken ya yi ƙarfi, ba ta saita tsakiyarsa a fuskar yaron ba, sai ta karkatar da ita, gefen hasken ya sauka a idonsa. Ta buɗe fatar idon da yatsa, sannan ta ce, "Shawara ce. Dubi idon nan, kamar an zuba garin ɗorawa."

Na leƙa, ni ma rawaya na gani. Amma yaron yana shan nono sosai, jikinsa ba zafi, kukansa da ƙarfi. Na ce, "Gwaggo, mu fita da shi tsakar gida mu duba a hasken rana mana. In shawarar ce sai a kai shi asibiti."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke 'yar nan, ba ki da kunya? Ɗan fari ne fa. Yaushe kika haihu har kika san ciwon yara? Jaririn da ko suna ba a yi ba za a fitar iska ta buge shi?"

Na kira mahaifiyata daga bakin ƙofa, ta ce in bi abin da manya suka ce. Wannan kalmar ta "manya" ita aka rufe min baki da ita. Kafin azahar Gwaggo ta jiƙa wasu sassaƙe, ruwan ya yi baƙi ƙirin, warinsa kaɗai yana tayar da zuciya. Na rungume yaron na ce ba za a ba shi ba. Ta fizge shi daga hannuna, ni kuwa jikina bai yi ƙwari ba, ko miƙewa da sauri ba na iyawa. Ina kallo ta kwantar da shi, ta matse masa hanci, ta ɗura masa da cokali.

Ya ƙware. Ya yi wani irin tari, ruwan ya fito ta hanci, sannan kukan ya ɗauke, sai ƙirjinsa ke ɗagawa da ƙyar yana wani ƙara kamar ana jan numfashi ta cikin ruwa. Gwaggo ta ce maganin ne ke aiki. A nan ne kunyar ta bar ni. Na ɗauki ɗana na fito tsakar gida ko mayafi babu, ina kiran yayana da muke uba ɗaya, wanda ya zo barka ranar. Shi mai gyaran waya da fitilu ne a Makarfi. Bai tambayi kowa izini ba, ya tayar da mashin, na hau muka tafi.

A asibiti wata nas ta karɓe shi. Da na ce an ce shawara ce, sai ta kai shi bakin taga, ta duba idonsa, ta danna fatar goshinsa a hasken rana. Ta ce, "Wa ya ce shawara? Idon yaron nan fari ne tas. Me kuka ba shi?" Na faɗa mata. Ta ce jiƙon ne ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Aka kwantar da mu, aka sa masa robar iska a hanci. A gadon asibiti aka yi masa suna, ba taro, ba komai, ni kuwa ina zaune ina kallon ƙirjinsa, ina tsoron kada ya tsaya.

Da muka dawo gida, yayana ya ce a ba shi tocilar. Shi ma abin ya tsaya masa a rai, domin ya san ba ƙarya muka yi ba da muka ce mun ga rawaya. Ya shiga ɗakin nan mai duhu, ya rataya farin mayafi a bango ya haska. Tsakiyar hasken fari ne har yana ɗaukar shuɗi, amma an zagaye shi da wani zobe rawaya, mai kauri ta gefe ɗaya. Duk inda ya juya tocilar, zoben na biye da ita.

Ya kwance kan tocilar ya nuna mana 'yar ƙwayar da ke ba da haske, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Ya ce asalin haskenta shuɗi ne, sai a shafa mata wani abu rawaya a sama don ya koma fari. Hasken da ya fita kai tsaye fari yake fita, amma wanda ya fita ta gefe ya fi ratsa wannan shafen, sai ya fito rawaya. Ya ɗago ɗan kwanon nan mai ƙyalli kamar mazurari da ke kewaye da ƙwayar, ya ce aikinsa tattara hasken gefe ya tura gaba. In an yi shi sumul kamar madubi, yadda hasken ya zo haka zai jefa shi, kowane launi a wurinsa. Masu kyau kuwa ana yi musu gurji-gurji kamar ɓawon lemo don su gauraya hasken. Ga shi kuma ƙwayar wannan ba ta zauna daidai tsakiya ba, shi ya sa zoben ya yi kauri ta gefe guda. Daidai wannan gefen Gwaggo ta ɗora a idon ɗana.

Gwaggo tana tsaye tana ji. Na ɗauka za ta ce ta yi kuskure. Sai ta ce, "To ai kun gani, tocilar ce ta yi ƙarya. Allah ya isa tsakanina da wanda ya sayar min."

Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, tocila ce ta hana a fita da shi rana? Tocila ce ta matse masa hanci?" Mahaifiyata ta daka min tsawa, ta ce in ba ta haƙuri. Ban bayar ba. Maganar ta zagaya dangi, aka ce na yi wa babba rashin kunya saboda ɗan fari. Babu wanda ya ce an kusa kashe jariri mai lafiya. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Har Gwaggo ta rasu muna gaisawa, ina kai mata abin da ya samu, na kuma yi mata addu'a, amma ba ta taɓa ɗaukar wani ɗa nawa ta shiga ɗaki da shi ita kaɗai ba.

Abin da na koya shi ne, ido na iya ganin abu ƙuru-ƙuru alhali babu shi, don haka kafin a ɗauki matakin da ba a iya janyewa, a sake dubawa a wani hasken, a tambayi wanda ya sani. Na kuma koyi cewa girmama babba wajibi ne, amma iyakarsa daidai inda ran yaro ya fara. Duk 'yar da ta haihu a hannuna yanzu, abin da nake fara gaya mata shi ne, in ranta bai kwanta da wani abu ba ta buɗe baki ta faɗa, ko da ni ce nake riƙe da cokalin.