Na Bar Aiki Ban Yi Wa Alhaji Sallama Ba

A lokacin ni saurayi ne mai shegen son bin diddigi, ina lissafin kwantena a ofishin wani dattijo ɗan Nijar da muke kira Alhaji, a unguwar Port Saeed, nan ƙasar Larabawa. Shi ya yi mini biza, a gidansa nake buɗa baki da azumi. Son sanin nan ne ya kai ni ajin Jamusanci a unguwar Al Nahda, da farko don nishaɗi kawai. Har yau ina tuna ranar da na tsare malamarmu da tambaya: me ya sa suke da kalma biyu ta gudu? Ta ce "fliehen" na wanda ke cikin gudun ne, "entkommen" kuwa sai wanda ya riga ya kuɓuta. Abin ya burge ni, na yini ina juya shi a kai kamar wani tauhidi.

Da na samu gurbin koyon aikin sufuri a Jamus, sai kunya ta kama ni. Ta yaya zan dubi idon mutumin da ke ce mini "ɗana" in ce zan tafi? Sau da yawa na shiga ofishinsa, in ƙare da tambayar lafiyar iyali in fito. Sai na yi irin tamu: na sulale, na kashe waya, wai sai na isa can in aiko da ban haƙuri. Da na je neman takardar shaidar 'yan sanda ta biza, aka ce sunana na cikin ma'aikatan da suka tsere. Innalillahi! Ashe doka ce ta sa kamfani ya kai rahoto.

Dole na koma gaban wanda na guje wa. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma ya yi. Ya ce asibiti-asibiti ya bi yana nemana, har ɗakin ajiye gawa ya leƙa. Ya janye rahoton, amma kafin a gama cire sunana, gurbin ya wuce ni.

'Yan uwa mazauna ƙasar nan, kunyarmu ba ta cikin dokarsu. In za ku tafi, ku buɗe baki ku yi sallama, komai nauyinta. Ni ga ni nan a teburina na da, kuma Alhaji yanzu da sunana yake kirana.