Abokin Baba Mai Shanu

Na kalli wani fim a waya, labarin mutum biyu da suka fara da faɗa suka ƙare aminai. Sai na tuna Baba da Bafulatanin da shanunsa suka taɓa cinye mana wake a Bukkuyum. Tun daga rigimar nan, shekara da shekaru, yakan kawo garkensa gonarmu bayan girbi don taki. Sukan zauna gindin tsamiya, daga gaisuwa sai shiru har la'asar. Na rasa abin da ke haɗa su, sai na kunna wa Baba fim ɗin. Da ya ƙare ya ce, "Waɗanga surutu ya yi masu yawa. Ba su gama sanin juna ba."