Takardar da Desanka Ta Sa wa Hannu

Desanka 'yar maƙerin zinariya ce a wani gari na bakin kogin Sava, a ƙasar Sabiya. A shagon mahaifinta ta koyi gane sulallan zinariya na sarakunan Rum, irin waɗanda garma kan tono jefi-jefi a gonakin masara. Shekara talatin tana koyarwa a makaranta, amma ba da wannan aka san ta ba. Duk manomin da ya tsinci wani abu rawaya a ƙasa, gidanta yake nufa.

Takan ɗora sulen a ɗan sikelinta, ta kalli fuskar sarkin, ta karanta sunansa, ta duba haruffan ƙasa masu nuna garin da aka buga shi. Sannan ta bi gefensa da farce. Na gaske da guduma aka buga shi, jabu kuwa narkawa ake yi a zuba, shi ya sa ba ya rasa ɗan layi a gefe. Ba ta karɓar lada, sai in an kawo mata zuma ko cuku.

Wata rana ƙanenta Milisav, wanda ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ya shigo da sulalla uku ƙulle a hankici.

"Yaya, duba mini. A gonar Baba na tono."

Ta duba, duka na gaske ne. Ta ce, "Kai Milisav, kai da ko dankali ba ka iya tonowa!"

Ya yi dariya. "Rubuta mini shaida in kai gidan tarihi. Da wannan fuskar tawa wa zai yarda da ni?"

Ta rubuta, ta sa hannu, ta ƙara masa gahawa.

Bayan wata bakwai 'yan sanda suka zo da wani baƙo da aka sayar wa sulalla. Suka zube sulalla goma sha ɗaya a teburinta, kowanne da kwafin takardarta. Na farko da ta ɗauka farcenta ya ci karo da layin. Duka jabu ne, kuma daga ukun nan aka kwaikwaye su. Aka tambaye ta wa ta ba takardar. Ta faɗi sunan Milisav.

Da aka ba shi beli ta same shi a tsakar gidansa yana faskare.

"Sunana ka sayar, Milisav."

"Haba Yaya! Shekara arba'in kina shafa zinariya, rufin ɗakinki yana yoyo. Wa na cuta? Masu hannu da shuni ne, ko a jikinsu."

"Ni ka cuta."

"Ke kuma kika miƙa ni," in ji shi, ya ci gaba da sara.

Kotu ta wanke ta, shi aka ɗaure shi shekara biyu. Amma gari bai wanke ta ba. Wasu suka ce da ita aka haɗa baki, wasu suka ce macen da ta tona ɗan'uwanta kowa ma za ta tona. Ƙafa ta ɗauke daga gidanta.

Ta ƙara shekara tara a duniya. Sau biyu Milisav ya zo ƙofarta bayan fitowarsa, tana ganinsa ta taga, ba ta buɗe ba. Da ciwo ya kwantar da ita, maƙwabciyarta ta tambaya ko a kira shi. Desanka ta ce a kira likita.