Kwanukan Mama Damaris

Duk wanda ya zauna a Narayi, ta wajen layin masu gyaran babur, ya san gidan Mama Damaris ko da bai san sunanta ba. Shi ne gidan da takalma ke taruwa a ƙofarsa kowace Lahadi da rana kamar ana biki. Ɗaliban manyan makarantu ne, 'yan zumuntar matasa ta majami'armu, suke zuwa shan gwate bayan an tashi daga sujada.

Mama Damaris ta yi ƙuruciyarta a masaƙar Kakuri, tana tsaron injin zare. Da aka rufe masaƙar sai ta koma suyar ƙosai a bakin titi. Ba ta taɓa yin wa'azi ba, kuma idan aka ce ta yi addu'a a taro takan gajarta, wai kada abinci ya huce. Tukunya ita ce hidimarta ga Ubangiji. Ta lura cewa idan an tashi coci kowa na nufar gidan iyayensa, amma yaran da karatu ya kawo daga Zonkwa ko Jos ko Inugu ɗaki suke komawa su jiƙa garin kwaki. Sai ta fara jan biyu ko uku zuwa gida. Kafin shekara ta zagayo tsakar gidan ya cika, har shugabannin zumuntar suka mayar da nazarin Littafi Mai Tsarki can, a gindin mangwaro. Matan coci na kawo tsakin masara da yakuwa, wani ya aiko da gyaɗa, ita kuma ta dafa.

Dokarta ɗaya ce: kowa da kwanonsa. Ranar da sabon ɗalibi ya fara zuwa, za ta ware masa kwano, na silba ko na roba ko tsohuwar samira, babu biyu masu kama da juna, ta yi masa alama a gindi da jan farce. Idan an gama ci a wanke, a kife su a kan wani dogon katako kusa da madafa. Wata Lahadin kowa ya ɗauki nasa. Wanda ya rage a kife, mai shi bai zo ba ke nan. A ranar za ta cika shi, ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali, a kai wa mai shi har ɗaki. Kuma ba a aiko mata da kwano. Wanda ya ci, shi zai dawo da shi da hannunsa. Da wannan dabara ta gano masu zazzaɓi, da waɗanda abincinsu ya ƙare, da masu fushi da wani a zumunta.

Ta hanyar kwano na san ta. 'Yata Phoebe tana shekarar ƙarshe a makaranta lokacin da ta yi gajeriyar jinya ta rasu. Ko da yake gidanmu na Kamazou, ta fi son gwaten Narayi a kan shinkafata, kuma ba ta ɓoye mini ba. Bayan an watse daga zaman makoki, wata Lahadi na ji sallama. Mama Damaris ce, riƙe da wani kwano shuɗi a ɗaure.

Ta ce, "Maman Phoebe, kwano ba ya kwana a kife a gidana. Ga shi, ki sha. Kin kuwa san doka."

Ban san dokar ba, ta bayyana mini. Na mayar da kwanon da hannuna, kuma tun daga ranar a cikinsa nake shan gwate kowace Lahadi, a kan benci ɗaya da abokan 'yata.

A bara, lokacin godiyar ƙarshen shekara, ɗaliban suka shirya mata abin mamaki. Sam, shugaban zumuntar, dogon yaro mai karanta injiniya, ya tashi ya yi jawabi, sannan aka shigo da kwali. Farantai ne na tangaran, farare tas, duk iri ɗaya, da zanen fure a baki.

"Mama, daga yau kin huta da waɗannan kwanuka na zamanin Nuhu," in ji Sam.

"Kai, ɗan nan! Nuhu ma da ya ga waɗannan da ya sa su a jirgi!"

Ta yi guɗa, ta yi rawa, ta ɗauki ɗaya ta zaga da shi gidajen maƙwabta. Ni ma na yi tafi. Aka tattara tsofaffin kwanukan aka tura ƙarƙashin gado, banda shuɗin, wanda babu mai ƙarfin halin taɓawa.

Da aka dawo daga hutu abin ya yi kyau ƙwarai. Yara na ɗaukar hoton gwate a farin faranti suna turawa gida. Sababbin ɗalibai sun ƙaru, tsakar gida cike, kowa ya ɗauki farantin da hannunsa ya kai. Sai wata Lahadi, muna wanke-wanke ni da ita, na ga ta tsaya tana kallon gindin tukunya.

Ta ce, "Maman Phoebe, tukunyar nan tana ta rage mini saura. Makon jiya ma haka. Akwai wanda ba ya zuwa."

"Wa ke nan?"

"Ai ita ce matsalar. Tukunya ta san an rasa mutum, amma ba ta san suna ba."

Ta leƙa ɗaki ta kira Sam da wasu biyu, suka jawo kwanukan daga ƙarƙashin gado, aka kakkaɓe ƙura aka jera a kan katako. Ɗaliban ba su riga sun watse ba. Ta ce kowa ya zo ya ɗauki nasa. Aka yi ta dariya da tsokana, wannan na cewa nasa ya rame, wancan na cewa gizo-gizo ya kama haya a nasa. Da hannuwa suka janye, sai ga kwano ɗaya a kife, kore na roba mai alamar kifi.

Sam ya dafa kai ya ce, "Onyi ce."

Onyinyechi a Kakuri aka haife ta, inda mahaifinta ya yi kanikanci kafin iyalin su koma Inugu su bar ta tana karatu. Yarinya ce mai shiru, mai zama a bayan benci. Kowa ya ɗauka wani ya gan ta.

Mama Damaris ta kankare sauran gwaten ta cika koren kwano, ta ɗaure, muka tari Keke Napep zuwa ɗakin da yarinyar ke haya. Mun same ta zaune a kan katifar da aka riga aka cire wa zani, jakar bakko biyu a cike a bakin ƙofa. Sakamakon jarrabawa ya fito, an ce sai ta maimaita aji. Ba ta gaya wa iyayenta ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta yanke shawarar barin karatun gaba ɗaya, za ta bi motar Juma'a ta koma Inugu.

"Mama, da wane ido zan kalli 'yan ajinmu? Gara in tafi."

Mama Damaris ta zauna a kan ɗaya jakar kamar kujera ce. "Ni ban zo hana ki tafiya ba. Abinci na kawo. Sha tukuna."

Yarinyar ta sha, tana sha tana share hawaye. Ni abu ɗaya na faɗa mata, cewa maimaita aji ba mutuwa ba ne. Na faɗe shi a hankali, domin na san bambancin. Ta ɗago ta dube ni.

Da muka miƙe, ta ɗauko kwanon za ta wanke ta ba mu. Mama Damaris ta janye hannu.

"A'a. Ranar Lahadi, da hannunki."

"Mama, na ce miki Juma'a zan tafi."

"To daga Inugu za ki kawo mini ke nan. Ki fito da wuri, hanyar da nisa."

"Zan ba Sam ya kawo."

"Sam ne ya sha?"

Dariya ta kufce wa yarinyar, ba da sonta ba. A bakin ƙofa Mama Damaris ta yi addu'a, gajeriya kamar kullum, muka tafi.

Lahadin da ta biyo, an koma tsofaffin kwanuka. Sam ya yi ta jan nazarin Littafi, yana satar kallon ƙofa, har Mama ta aika masa cewa gwate na daskarewa. An fara zubawa ke nan sai muka ji, "Mama, sannu da gida." Onyinyechi ce, da koren kwano a ɗaure cikin ɗankwalin da aka kai mata shi. Ta kira mahaifinta ta faɗa masa gaskiya, ya yi faɗa ya huce, kuma ta je ta yi rajistar maimaita ajin. Ba ta dawo da kwanon haka kawai ba. Ta cika shi da okpa, abincin garinsu na garin gurjiya da manja.

Mama Damaris ta gutsira, ta tauna, ta jinjina kai. "Wannan ai alale ne da ya je Inugu ya ƙi dawowa. Ke dai kin fi shi hankali. Juye, ki kawo kwanon in zuba miki."

Fararen farantan suna nan. Zumuntar Mata na aronsu idan ana ɗaurin aure, kuma Mama Damaris ba ta gajiya da faɗin cewa 'ya'yanta ne suka saya mata. Amma ranar Lahadi ba sa fitowa daga kwali. Onyinyechi kuwa ta dawo zama a bencinmu, koren kwanonta kusa da shuɗin.