Mai Fitila Ya Ce Sai Ya Fito

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna, wanda garin nan kaf ya sani da Mai Fitila.

Kawu, tun ina 'yar makarantar allo kai ke riƙe da ɗakin fitilun kamfanin kuza. Duk mai shiga rami sai ya karɓi fitila a hannunka, ya rataye lambarsa ta ƙarfe a ƙusa, ya ce, "Sai na fito." Ba a ban kwana a bakin rami, haka kuka saba. Kai kuma ba ka kulle ƙofa sai kowa ya cire lambarsa.

Da aka rufe kamfani, aka so rushe ɗakin a yi shaguna. Ka shimfiɗa tabarma a ƙofar, ka ce a fara da kai. Aka bar maka shi bisa sharaɗi guda: ran da aka daina buɗe shi, za a rushe. Ka goge fitilun, ka jera diga da shebur, ka share hanyar tsohon ramin da ruwa ya cika ya zama tafki. Yau ga motocin ɗalibai, ga masu ɗaukar hoto, har masu shayi sun samu ciniki. Garin da aka ce ya mutu ya sake yin baƙi.

Labarinka kuwa, ba ya rasa ƙarin gishiri. Wata rana ka ce wa baƙi dutsen da ya faɗo maka a ƙafa ya kai jaki. Na matso na ce a hankali, "Kawu, bara tunkiya ka ce." Ka ce, "Haba Malama, dutsen ma ai girma yake yi!" Allah Ya yafe maka, Ya yafe mini dariyar da na yi.

A asibiti ka danƙa mini makulli da lambarka. Na ce, "Ni da ba a jin muryata?" Ka ce, "Sai su matso kusa. To, sai na fito."

Kawu, na buɗe ɗakin, kuma sun matso. Dutsen dai na mayar da shi tunkiya. Lambarka na rataye ta a ƙusa. Wata baƙuwa ta tambaye ni ta wane ne, na ce mai ita yana ƙasa, bai fito ba tukuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka maka kabari kamar yadda ka haska wa mutane rami. Ya ba matarka Inna haƙuri, da 'ya'ya da jikoki, da tsofaffin abokan aikinka. Ran da kowa zai fito, Allah Ya fito da kai da haske a fuska. Amin.